Kujerun Aro

Na ci jarrabawa, kwaleji ta ba ni gurbi, sai dai gurbi ba ya biyan kansa. Shi ya sa na cike fom ɗin tallafin karatu na gwamnati. Shafi tara ne, kowanne yana juya tambaya ɗaya: wai da gaske ba ku da shi? Da gaske ne. Tun da idon Baba ya daina ganin kafar allura, keken ɗinkinsa ya koma wurin kife kwanuka.

A shafin ƙarshe an ce jami'a za ta zo gida ta gani da idonta. Na faɗa wa Umma ranar Talata za ta zo, ban yi mata wani bayani ba.

Ranar na fita da safe yin fotokwafin takarduna, layi ya riƙe ni. Da na dawo na ɗaga labule, na zaci gidan wasu na faɗa. Kujeru uku masu laushi, jan kafet, talabijin a kan keken Baba da aka lulluɓe da zani, har da ƙaramin firij a lungu, ko jona shi ba a yi ba. Duk na maƙwabciyarmu ne, matar direba. An naɗe tabarmarmu. Bokitin da ke tare yoyon rufi ma an kore shi bayan gida.

"Umma, mene ne haka?"

"Baƙuwa daga gwamnati ce za ta zauna a tabarma? Haba, rufa mana asiri."

Kafin in ce uffan aka yi sallama.

Jami'ar doguwa ce, ga alama ta gaji, gidanmu ne na shida da ta shiga a ranar. Ta nutse cikin kujera, Umma ta buɗe mata lemon kwalba. Ta dubi talabijin, ta rubuta. Ta dubi firij, ta rubuta.

"Baba, ya aiki?"

"Alhamdu lillahi, sai godiya," in ji mutumin da rabonsa da ɗinki shekara biyu.

Wannan ma ta rubuta.

Maganar tana bakina, in ce duk na aro ne. Sai na dubi Umma. Tana zaune a bakin kujera, ta harɗe hannu, fuskarta sai sheƙi take. Ban taɓa ganin ta karɓi baƙo ba tare da ta ba da haƙurin ɗakin ba sai ranar. Da jami'ar ta gama rubutu, na raka ta bakin ƙofa.

Da la'asar muka mayar da kayan. Ni na ɗauki kafet.

Bayan mako uku saƙo ya shigo wayata: bincike ya nuna iyali na da halin ɗaukar nauyin karatu. Ana iya sake nema baɗi. Kwaleji kuwa ba ta ajiye wa kowa gurbi har baɗi. Na karanta sau biyu, ina jiran in ji zafi, ban ji komai ba.

Umma tana wanke-wanke. Ta ce, "Me suka ce?"

"Ba su ba ni ba."

Ta tsaya da kwano a hannu, kumfa na zuba.

"To me muka rage ta da shi? Wace karramawa ce ba mu yi mata ba?"

"Babu, Umma. Kun yi komai."

Hadari ya haɗo. Na je bayan gida na ɗauko bokitin, na ajiye shi inda ya saba zama.