Amin Ɗin Matar Kafinta

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da matar kafinta, magana ta ɗauke mata. Macen da a da muryarta ke cika majami'a, yanzu sai ido. Kafintan ke juya ta, shi ke yi mata wanka da hannun nan nasa mai kaushi. A nan kam ba mai zarginsa. Amma addu'a, ya rataye ta yadda ya rataye zartonsa a bango. Ya roƙi Ubangiji har muryarsa ta dushe, bai ga canji ba, sai ya yi fushi ya yi shiru. Mutum ke nan.

Sai kuma ta daina cin abinci. Da ya kai cokali bakinta, sai ta sunkuyar da kai ta rufe ido. Ya canza miya, ya rage gishiri, ya lallaɓa, ya yi faɗa, duk a banza. Kullum ramewa take yi, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Wata rana da hantsi autarsu ta zo daga gidan mijinta, ta tarar da shi zaune a bakin gado da kwano a cinya.

"Dubi uwarki," in ji shi. "Ciwon nan ya taɓa komai, ban da taurin kai."

Auta ta tsaya tana kallon yadda uwar ta sunkuya.

"Baba, ka sa albarka kuwa?"

"Albarkar me?"

"A kan abincin mana. Ka taɓa ganin Mama ta kai loma baki ba a yi addu'a ba? Jiranka take yi."

"To ke ki yi."

"Ni baƙuwa ce yanzu. A gidan nan maigida ke yi."

Kafinta ya daɗe yana juya cokali. Daga baya ya cire hularsa, ya ce da murya kamar ta mai rigima da maƙwabci, "Ya Uba, ka san ba ni da abin faɗi. Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Amma ga abinci, ga kuma baiwarka da yunwa. Ka sa albarka, cikin sunan Yesu."

"A...min."

A karkace kalmar ta fito daga bakin matarsa, da ƙyar, amma ta fito. Auta ta toshe baki da gefen mayafinta. Kafinta kuwa ya juya fuska wajen taga, wai garin katako ne ya shiga masa ido, alhali rabonsa da shago an daɗe.

Kada wani ya ce matar ta warke. Ba ta warke ba, wata kalma kuma ba ta sake fitowa daga bakinta ba sai wannan. Amma ita ɗin ta ishe shi tashi kowace safiya.

Ya goge fuska, ya ɗebo cokali guda.

"To, tsohuwa, kin ci nasara. Buɗe bakin, ga shi duk ya huce."

Ta buɗe.