Gabas ta Baba

Mubaraka ta zuge jakarta a kujerar bayan tasin babanta, sai ta ji yatsunta sun taɓa danshi. Da ta zaro kamfas ɗinta mai nuna arewa ta tarar ya tsage gida biyu, ruwan cikinsa ya tsiyaye, allurar ta kwanta gefe guda kamar matacciyar fara. Ita da hannunta ta danne shi da takalman gudunta masu ƙusoshi tun a gida, saboda haka babu wanda za ta ɗora wa laifi, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Saura minti biyar a kira sunanta. Safiyar Asabar ce cikin Nuwamban 2006, ana yayyafi a bakin dajin Lickey Hills da ke gefen Birmingham. Misis Doyle, malamar wasanninsu, ta kawo 'yan mata goma sha ɗaya don ta tace su. Kowacce za a sake ta ita kaɗai da taswira da kati, ta shiga daji ta nemo tutoci takwas ɗaya bayan ɗaya, ta huda katinta a jikin kowace tuta, ta fito. Huɗun da suka fi sauri su ne za su wakilci makarantar a gasar Manchester. Mubaraka kuwa ta riga ta yi wa babanta alkawari da bakinta: in ba ta shiga cikin huɗun nan ba, ta ajiye gudu, Asabar ɗinta ta koma ta lesin jarrabawar GCSE.

Ta ruga wajen Misis Doyle, aka ce mata kamfas ukun da ake ajiyewa don ko-ta-kwana duk an rabar, masu su ma sun riga sun shige daji. Ta dawo wajen mota idonta ya ciko.

Babanta, Malam Inusah, na zaune yana kurɓar shayi daga murfin fulas. Ɗan zangon Kumasi ne, shekararsa goma sha tara yana tuƙin tasi a garin nan, kuma har yau bai gane hikimar wannan wasa ba. Ya sha faɗa a gida cewa bai taɓa ganin mutum mai hankali yana gudu cikin laka alhali babu mai binsa ba, balle a ce da gangan aka kai shi daji don ya ɓata. Amma duk Talata da Alhamis shi ne mai ajiye fasinja ya tsaya a bakin Cannon Hill Park yana jiranta, da leda a shimfiɗe kan kujera saboda taɓon ƙafarta.

"Baba, compass ɗina ya fashe," ta ce. "Shi ke nan, I'm finished."

Ya buɗe ɗan akwatin gaban mota ya ciro wani ƙaramin gwangwanin tagulla da duk gefensa ya goge. Kamfas ɗinsa ne na duba alƙibla. Babu harafi ko ɗaya a fuskarsa, sai lambobi a kewaye, da koriyar hasumiya mai tsinin kibiya, da wani jan ɗigo da ya ɗiga da jan farcen matarsa, Mma, tun kafin a haifi Mubaraka.

"Daga Sparkhill zuwa Lozells har airport, wannan bai taɓa yi mini ƙarya ba," ya ce. "Ki juya shi har allura ta hau jan ɗigon nan. Inda hasumiya ta nuna, nan ne gabas."

Ta so ta yi tambaya, sai ta ji Misis Doyle tana kwaɗa kiran sunanta. Ta damƙe gwangwanin, ta gyara ƙaramin hijabinta, ta ruga.

Tuta ta farko da ta biyu ba su ba ta wahala ba. Hanyar ƙafa ce ta kai ta, taswira kawai take bi da babban yatsa kamar yadda aka koya musu. Ƙafarta ta sake, numfashinta ya daidaita, har ta wuce wata yarinya da aka saka minti biyu kafin ita. A nan ne Mubaraka take jin ita ce Mubaraka. A aji ba ta cika magana ba, a gida ita ce mai wanke-wanke, amma in ta ji laka na fallatsa mata a sangali ba ta ganin kowa a gabanta.

Tuta ta uku ce mai gardama. Babu hanya zuwa gare ta, sai dai a keta cikin itatuwa, kuma a taswira tana gabas sak da ta biyu, cikin wani ɗan kwari. Mubaraka ta ce a ranta abu ya zo da sauƙi. Ta juya gwangwani, allura ta hau jan ɗigo, ta dubi inda hasumiya ta nuna ta faɗa daji.

Ta ƙirga takunta yadda ta saba. A lissafinta taku ɗari biyu da hamsin zai ajiye ta a bakin kwarin. Ta yi ɗari biyu da hamsin, babu kwari. Ta ƙara hamsin, ƙaya ta yage mata wando a gwiwa. Ta ƙara wani hamsin ɗin, sai ga ta a gaban shingen katako da wani benci da gansakuka ta cinye, abubuwan da ba su da dalilin kasancewa a wurin. Babu rana balle ta duba, sama ta rufe ruf, duk itatuwan kamarsu ɗaya.

Ta yi abin da aka hana su yi: ta ruga nan, ta ruga can, tana leƙa bayan kowace bishiya ko Allah zai sa ta ga ƙyallin tuta, fari da ruwan lemo. Agogonta na cinye minti yana ƙarawa. Tsoro ya kama ta sosai, ba na daji ba, na Asabar mai zuwa, ta gan ta zaune a ɗakin lesin da ke saman wani kanti a Stratford Road tana kallon ruwan sama ta taga.

Sai ta tsaya cak, ta cije leɓe. Misis Doyle takan ce wanda ya ɓata ƙafarsa ba ta da amfani sai kansa ya dawo. Ta durƙusa ta ɗora gwangwanin a kan benci, ta ƙura masa ido. Allura dai arewa take nunawa, wannan ko na waye haka yake. In kuwa hasumiya gabas take nunawa, to tsakaninta da allura ya kamata ya yi daidai da kusurwar takarda. Ta ɗora kusurwar taswirarta a kai, gefe ɗaya a jikin allura. Hasumiyar ta zarce ɗaya gefen, ta karkata dama da kusan faɗin yatsu biyu.

A nan falonsu ya faɗo mata a rai. Tun tana ƙarama ba su taɓa yin salla suna kallon bango sak ba, kullum a karkace ake shimfiɗa darduma, ana fuskantar lungun da talabijin yake, Mma tana mitar cewa Turawa ba su iya daidaita gini ba. Duk wanda ya zo gidan ya tambayi ina ne gabas, lungun nan ake nuna masa. A bakin Baba gabas ita ce inda ake kallo a yi salla, da kalmar ya taso a Kumasi, da ita ya hau jirgi. Amma daga Birmingham, Makka ba gabas take ba, ta gangara kudu. Baba bai yi mata ƙarya ba, gwangwanin ma bai yi ba. Ita ce ta ɗauki gabas ɗin gida ta shiga da ita taswirar makaranta.

Dariya ta kusa kuɓuce mata, amma babu lokacinta. Ta manta da hasumiya, ta daidaita taswira da allura kaɗai, ta nemi shinge a kudu da inda take zato. Ga shi nan, ɗan baƙin layi, har da alamar benci. Tuta ta uku tana hagunta, bayan wani tudu. Akwai hanyar da ta zagaye shi cikin sauƙi, akwai kuma tudun kansa, tsaye kamar bango, ganyen da ya jiƙe ya rufe shi.

Ta zaɓi tudun. Watanni uku Misis Doyle tana sa su hawa tudu da sauka sau goma-goma duk Alhamis har wasu su yi amai, Mubaraka tana tsine wa ranar Alhamis a zuciyarta. Yau ta gode wa Alhamis. Ta hau da ƙafa, inda ƙafa ta zame ta sa hannu ta kama saiwa, ƙirjinta na zafi kamar ta haɗiyi barkono. Tana leƙawa ɗaya gefen ta hango tutar a ƙasan kwari, tana lilo abinta. Minti bakwai ta zubar.

Daga nan ba ta sake yi wa kanta sauƙi ba. Tuta ta huɗu, ta biyar, ta shida, duk inda hanya ta yi lanƙwasa ita sai ta yanke. Ta tsallake ƙorama ta faɗa har gwiwa, ta fito ba ta ko duba ba. A tsakanin ta bakwai da ta takwas cinyarta ta fara ɗaurewa, ta ce da ita ta bari sai sun fita sa yi maganar. Da ta ɓullo filin fakin motoci ba ta ganin komai sai jar rigar Misis Doyle, ta miƙa kati ta zube a ciyawa.

Minti arba'in da ɗaya da daƙiƙa goma. Misis Doyle ta duba hujin katin ɗaya-ɗaya, ta rubuta a allon da ta jingina da motar makaranta. Mubaraka ce ta huɗu, amma da sauran magana, domin wata yarinya, Alice, tana cikin daji, kuma minti shida aka sake ta bayan Mubaraka. Mubaraka ta miƙe ta tsaya tana kallon bakin itatuwa da agogonta bi da bi. Tana son Alice, tare suke zama a ajin kimiyya, amma a minti shidan nan ba ta yi mata fatan alheri ba, kuma ta san ba ta yi ba. Alice ta ɓullo a guje, gashinta duk ganye. Ta makara da daƙiƙa goma sha tara.

Misis Doyle ta ja layi a ƙarƙashin suna na huɗu, ta ce Mubaraka ta nemi sabon kamfas kafin Manchester, na gaske. Ta kuma tambaye ta me ya riƙe ta a tuta ta uku. Mubaraka ta ce kuskurenta ne.

Ta samu babanta a bayan mota, ya yi alwala da ruwan gora, yana riƙe da darduma yana jujjuyawa a kan ciyawa. Azahar ta yi, rana ba ta fito ba, abin dubawarsa kuma yana hannunta. Ya shimfiɗa ta wajen itatuwa, ya ɗauke, ya shimfiɗa ta wajen titi. Mutumin da ya san kowane lungu na Birmingham ya tsaya tsuru a filin fakin. Bai san ta iso ba sai da ta yi sallama.

Ya dube ta daga hijabi har takalmi, laka ko'ina, gwiwa na jini. Ta ɗaga masa yatsu huɗu. Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi.

"To, lesin Asabar ya tafi ke nan," ya ce. "Ai na gaya miki abin nan ba ya ƙarya. Ya kai ki ko bai kai ki ba?"

Mubaraka ta dubi gwangwanin da ke tafin hannunta. Minti bakwai ɗin suna bakinta, ta haɗiye su.

"Ya kai ni, Baba."

"Ki riƙe shi har Manchester, ni na san lungun falona. Amma yanzu duba mini, ina gabas?"

Ta goge lakar da ke fuskar gwangwanin da gefen rigarta, ta juya shi har allura ta hau jan ɗigo. Sannan ta durƙusa ta ja bakin dardumar, ta karkata ta zuwa inda hasumiya ta nuna.