Taga a Rufin Motar Baba Direba

"Yanka mana, Maƙeri. Ko sai na taso na riƙe maka hannu?"

Mai walda yana tsaye bisa benci, injin yankan ƙarfe a hannunsa, ya zuba wa zanen allin da ya yi a rufin motar ido. Hannun nan ya tsaga motoci ba iyaka, amma yau ya ƙi motsi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Baba Direba, kuma tun yana yawo ba wando yake ganin koriyar motar nan mai dogon hanci da fitilu kamar idon bijimi, ana goge ta da tsumma mai laushi kowace safiya. Yaron da ya kuskura ya jingina da ita sai ya sha ranƙwashi. Shi ma ya sha nasa.

"Baba, in na tsaga ta fa ba za ta koma yadda take ba."

"Ni zan koma yadda nake ne?"

Tsohon yana kishingiɗe ƙarƙashin rumfa, da bargo a ƙafafunsa duk da zafin hantsi. Ciwo ya cinye shi, sai idanu da baki suka rage, su kuwa ba abin da ya taɓa su. Tun da zama ya gagare shi, autarsa ce ke jan motar zuwa asibiti, shi yana kwance a kujerar baya, ba abin da yake gani sai yadin rufi da ya koɗe. Shi ne ya ce ya gaji. Duk rayuwarsa kwalta ya kalla, yanzu kuma a bar shi da kallon tsumma? Ya tasa mai walda gaba har sai da ya je wurin masu sayar da tarkacen motoci. Can ya tarar da wata da haɗari ya murƙushe kamar gwangwani, amma gilashin rufinta ko tsagewa bai yi ba. Ya kwanto shi har da firam ɗinsa.

Auta ta fito da kofin magani, ta tsaya.

"Yaya, don Allah kada ka biye masa. Motar da ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba?"

"Ke da motar, wa na fara samu?" in ji tsohon. "Yayarki ce. Mun gama magana da ita, ta yarda."

Auta ta yi dariya, ta juya baya da sauri tana goge ido da bakin mayafi. Mai walda ya kunna inji.

Tartsatsi ya yi ta zuba kamar ana sheƙar wuta. Da ya ɗage fallen ƙarfen, rana ta faɗa cikin motar, ta shimfiɗe a kujerar baya kamar an ɗauko sabon zane. Ƙurar da ta shekara a ciki ta tashi tana iyo a hasken. Su ukun suka tsaya suna kallo.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Rufin tsohuwar mota a tanƙware yake kamar bayan kunkuru, gilashin kuwa kusan a miƙe. Sai da mai walda ya yi ta lallashin ƙarfen da guduma, ya kankare tsatsa, ya ɗora, ya sauke, ya sake ɗorawa. Kwanaki suna tafiya, tsohon yana tafiya tare da su. Daga rumfa aka mayar da shi ɗaki, ya koma sauraron aikin ta taga.

"Gudumarka tsoro take ji, Maƙeri," ya ce da mai walda ya leƙo gaishe shi. "Daki motar nan. Ta sha ramukan da suka fi ka ƙarfi."

Ranar da robar gefen gilashin ta zauna daram, gilashi ya zame baya ya dawo ba gargada, ranar ce likita ya ce a kawo shi da la'asar. Mai walda ya sungumo shi, ya ji kamar ya ɗauki damin kara. Ya zauna a baya, ya ɗora kan tsohon a cinyarsa. Auta ta tayar da mota.

Suka fita lungu a hankali. Mai walda ya ɗaga kai shi ma. Unguwar da aka haife shi ce, amma bai taɓa ganinta ta nan ba: bakin indararo, wata riga da iska ta rataye a wayar lantarki, ƙasan rassan bishiya, sai kuma sama, fal, ba iyaka. Gizagizai farare suna tafe a jere.

"Buɗe," in ji tsohon.

Ya zuge gilashin. Iska ta shigo tana wasa da furfurarsa.

"Ashe tare muke ta tafiya da su duk shekarun nan, ban taɓa ɗaga musu hannu ba." Ya numfasa. "Auta, sassauta ƙafa. Wancan babban girgijen ya ɗauko kaya da yawa, ba shi hanya ya wuce."

"To, Baba."

Da suka iso mararrabar da ake karyawa zuwa asibiti, ta kunna sigina.

"Miƙe," ya ce.

"Baba, likita yana jira."

"Ya saba. Miƙe, uwata."

Ta dubi mai walda ta madubi. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya dubi tsohon. Siginar ta yi ta ƙyaf-ƙyaf, na baya suna ta hon. Sai ta kashe ta, ta miƙe.

Gidaje suka ragu. Tsohon yana ta magana ƙasa-ƙasa, yana kiran sunayen garuruwan da ya kwana, da na yaran motar da suka riga shi tafiya, kamar yana hango su ɗaya bayan ɗaya a bakin hanya. Wata shirwa ta tsaya cak a tsakiyar tagar, ta bi su, ba ta ko kaɗa fiffike. Yatsunsa suna riƙe da wuyan hannun mai walda, suna matsawa kaɗan duk lokacin da motar ta canza giya. Can sai Auta ta canza giya, yatsun ba su matsa ba.

Mai walda ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya ɗago kai. Auta ta sake duban madubi, ta ga fuskarsa, ba ta tambaya ba. Ta gangara gefen hanya a hankali, yadda babu abin da zai girgiza, ta tsaya ƙarƙashin wata doguwar bishiya, ta kashe inji. Ta kifa goshi a kan sitiyari.

Injin yana ta 'yar ƙara yana hucewa. Mai walda ya sa tafin hannu ya rufe wa tsohon ido, yana addu'a a ransa. Wani busasshen ganye ya sako daga reshe, ya yi ta juyi a iska, ya shigo ta rufin, ya sauka a kan bargon.