Ragon Hajara da Wuƙaƙe Uku

Ragon Hajara ya zame ya faɗa babbar magudana da hantsi, igiyar wuyansa ta sarƙe a ƙarfen ƙofar ruwa. Kafin mu jawo shi ya sha ruwa ya ƙoshi, ido ya juye, numfashi sai ɗaiɗai. Hajara ƙanwata ce, mijinta ya rasu, ragon nan kuwa tun yana ɗan mitsitsi take kiwonsa. In ya mutu ba yanka ya zama mushe, sai dai karnuka.

Ta ce, "Yaya Isiyaku, a yanka mini shi kada in yi asara biyu."

To, wa za ta kira in ba ni ba? Ni da aka haƙa magudanar nan da ni, kwalara ta kwantar da ni ta gaji ta tafi.

Nasiru ɗan ƙanena ya zaro tasa wuƙar, wata mai walƙiya da ya sayo a birni, wai ba ta tsatsa. Na karɓa na juya ta. Kauri kamar fartanya, rabin bakinta haƙora irin na zarto. Na ce masa ya ajiye ta don yankan tiyo, dabba ba katako ba ce. Mudassiru maƙwabcin gonata ya miƙo tasa. Tana da kaifi, ban hana ta ba, da ita yake yanke lawashin albasa. Amma na danna ta a kan farce ta lanƙwashe, ƙotar roba ce kuma, hannu jiƙaƙƙe ba ya riƙe ta.

Tawa taƙi ɗaya ce da ɗan ɗori, baƙa, ƙotar ice naɗe da fata. Wani maƙeri a Bunkure ya ƙera mini ita da ƙarfen sifirin, wanda ke ƙarƙashin motar tumatir da ta kife da mu a hanyar Ikko, na fito da ƙafata. Da ita nake yanka igiyar kwando, in fere rake, in gyara tayar kura. Sai dai tun safe nake saran ciyawa da ita, bakin ya kwanta. Nasiru ya taɓa ya yi dariya, ya ce wannan ko tuwo sai ta yi shawara.

Ya ɗauko dutse zai wasa mini a nan gaban ragon. Na riƙe hannunsa.

"Ba a wasa wuƙa dabba tana kallo, ɗana. Ko tana mutuwa."

Mudassiru ya ce lokaci fa, Baba. Ban kula shi ba. Na juya wa ragon baya, na gangara bakin magudana, na yayyafa ruwa a kan sumunti, na goga ta ciki da baya. Ƙarfen sifirin ba ya gardama. Na gwada a gashin hannuna, ya zube.

Suka fuskantar da shi alƙibla, na yi bisimilla na ja sau ɗaya. Ragon bai motsa ba. Hajara ta rufe fuska da mayafi. Sai jini ya tsarto har kan rigar Nasiru, ragon ya yi shuri da ƙafar baya, ya sake yi.

Mudassiru ya ce, "Da ransa. Ya halatta, Hajara."

Ta zauna a kan kunyar gona tana hamdala tana share hawaye. Na wanke wuƙata a magudana na mayar da ita kube, na ce a feɗe shi da ta Mudassiru, wuya dai rabon mai yanka ne, nawa ne, kada wanda ya taɓa mini.