Dabinon da Mama Ronke Ta Jiƙa

“Ajiye shi inda kika gan shi, Ummusalma.”

“Baba, ba ɗauka zan yi ba. Dubawa kawai zan yi.”

“Ita ta jiƙa, ita za ta gasa. Ɗauki zannuwan ki kai mata.”

Na mai da faifan a kan kwanon, na miƙe. Ban taɓa jin Baba Raphael ya ɗaga mini murya ba sai ran nan. Yana tsaye a ƙofar kicin da rigar da ya kwana da ita a asibiti, hannunsa riƙe da ledar ƙanƙara tana ɗiga a kan takalminsa. Ya durƙusa da ƙyar, ya jera ƙanƙarar a cikin baho, ya ɗora kwanon a tsakiya kamar mai kwantar da jariri.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Kankiya. Shi tsohon malamin makaranta ne, har ni ya koyar. Matarsa kuwa duk unguwa Mama Ronke ake ce mata, ko da yake sunanta ne ba na ’yarta ba, don Allah bai ba su haihuwa ba. A bayanta na yi barcin yarinta. Abin da ke cikin kwanon nan kuma na kek ɗin bikina ne, wanda za a yi ranar Asabar a kai ni Kusada gidan Bishir. Ranar Talata da la’asar ta jiƙa shi. Washegari da hantsi ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Kek ɗin Mama Ronke yana da tarihi, kuma Inna, mahaifiyata, ba ta gajiya da ba da shi. Shekarar da suka zo garin, Kirsimetinsu na farko, ta yi irin wanda ta koya wurin uwarta, wanda ake jiƙa busassun ’ya’yan itace a giya wata da watanni. Ta yanka, ta aika gida-gida da murnarta. Babanmu ya shinshina, ya ajiye. Inna ta ji kunyar mayarwa, sai ta faki ido ta zuba wa akuya.

“Wallahi akuyar nan yini ta yi tana layi,” in ji Inna. “Ga Ronke ta shigo karɓar faranti. Ta kalli akuya, ta kalle ni, ta fashe da kuka. Ni ma na kama. Muka zauna muna ta yi, akuya na kallonmu.”

Da Mama Ronke ta gane dalili, sai ta ɗauki buta ta tafi tasha wurin Sada mai shayi, ta ce ya dafa mata baƙi mai kauri, kada ya sa madara. Tun daga nan ba ta sake jiƙawa da komai ba sai shayi. Illarsa ɗaya ce. Na giya yana jira, na shayi ba ya jira. In ka jiƙa yau, gobe ka gasa.

Ranar Talatar nan ina zaune a kan turmi ina cire mata ƙwallon dabino. Ta yayyanka shi ƙanana, ta haɗa da zabibi, da mangwaron da ta shanya a kan kwano tun bara, da ɓawon lemo. Shayin na tafasa da citta da kanumfari da kirfa, ƙamshinsa ya tsallaka katanga har ƙannena suna leƙe.

“Ke amarya, wanda kike kaiwa baki ya fi wanda kike sawa a kwano.”

“Mama, ɗanɗanawa nake.”

“Haka za ki yi wa Bishir? Ya dawo gona ya tarar kin ɗanɗane tukunya?”

Baba Raphael na kan kujerarsa da rediyo, ya ce, “Ƙyale ta, Ronke. Ke ma haka kika yi mini, ga ni ban mutu ba.”

“Wa ya sa da kai, tsoho? Ka dai tanadi hannunka, gobe akwai fasa ƙwai.”

Wannan aikinsa ne tun suna matasa. Ita ta kwaɓa, shi ya fasa ƙwai, ya zauna gadin gawayi. Ba su da abin gashi na zamani. Babbar tukunya ce ake zuba wa yashi, a jera gwangwanaye a ciki, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi. Na sha tsayawa ina kallonsu suna faɗa a kan wutar ta yi yawa ko ba ta yi ba, ina roƙon Allah a raina ya ba ni mai yi mini irin wannan faɗa har tsufa.

Ta juye shayin da zafinsa a kan dabinon, ta juya da cokalin katako, ta danna saman da tafin hannunta don kome ya nutse. Sannan ta rufe da faifai ta ce, “Ku sha ku ƙoshi, sai da safe.”

Da na kai zannuwan asibiti na same ta idonta biyu. Bakinta ya karkace, fuskar da na sani ta zama rabi. Inna na gefen gado tana yi mata fifita. Na durƙusa na kama hannun da ke motsi. Ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin maganar ta fito.

“An… gasa?”

Kafin in amsa Baba Raphael ya shigo. “Yana nan yana jiranki. Na sa masa ƙanƙara. Ki tashi kawai.”

Ta rufe ido, ta girgiza kai a hankali. “Zai… lalace.”

“Ba abin da zai lalace,” ya ce, yana gyara mata matashi. “Likita ya ce kin fi jiya.”

Likita bai ce haka ba. Duk mun sani. Ta kalli Inna, irin kallon da mata ke yi wa juna a kan miji mai taurin kai, har na ga kamar za ta yi dariya. Sai hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa. Na goge mata da bakin mayafina. Ta ja hannuna ta kai hancinta, ta shinshina lallen da aka fara yi mini, ta riƙe shi a nan har barci ya ɗauke ta.

Ranar Juma’a da safe ta rasu. Inna ce ke tare da ita. Ni ina gida ana yi mini kitso, na ji sallamar Inna a zaure, na gane tun kafin ta shigo, don ba ta taɓa yin sallama a hankali haka ba. Na tashi da rabin kai a tsefe. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gidansu ba, ina rungume da zanen da ta shanya a igiya tun ranar Laraba, ya bushe ya yi tauri da rana.

Kafin a sauko daga sallar Juma’a gidan ya cika. ’Yan cocinsu suna waƙa ƙasa-ƙasa a falo, matan unguwa sun shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, can maza suka fara shigowa daga masallaci suna cewa Allah ya ba da haƙuri. Sada mai shayi, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya zauna a dakali. Babanmu ya aika Kusada cewa aure za a ɗaura gobe yadda aka sa, amma ba kiɗa, ba taro. Ban damu ba. Ni a lokacin ko auren aka ce an fasa, da ban ji ba.

Da la’asar mutane suka ragu, aka nemi Baba Raphael aka rasa. Ni na same shi a kicin, zaune a kan turmin da na zauna ranar Talata. Ranar ba wanda ya tuna da ƙanƙara. Ta narke, kwanon yana yawo a kan ruwan bahon, ga zafin bazara ya cika ɗakin kamar an hura wuta.

Inna ta shigo bayana. Ba ta nemi izini ba, ta ɗaga faifan. Dabinon ya sha shayi ya kumbura, ya yi baƙi yana sheƙi. A gefe-gefe ’yan ƙananan kumfa sun fara tasowa. Ta sunkuya ta shinshina.

“Malam, yau ce kawai ta rage masa. In ya kwana, ya tashi daga shayi.”

Bai ɗago ba.

“Malam, da kai nake.”

“Na ji ki, Hajiya.” Ya nuna kwanon. “Dubi nan. Dubi tsakiyar.”

Muka duba. Saman ya ɗan lotsa inda ta danna, wurin tafin hannu da na yatsu bai gama cikewa ba.

“In aka gasa, za a ci,” ya ce. “In aka ci, ya ƙare. To mi ya rage mini a gidan nan da hannunta ke kai? Gobe ’yan’uwanta za su iso su tafi da ita garinsu. Ummusalma ma ta tafi. Ku bar mini wannan.”

Na toshe bakina da mayafi. Inna ta jawo kujera ’yar tsugunno ta zauna gabansa, abin da ban taɓa ganin ta yi da namijin da ba muharraminta ba.

“Ni ba zan ƙwace maka ba. Amma ka san abin da zai zama in an bar shi. Matar nan ta bar yadda uwarta ta koya mata saboda mu ci. Tun kafin a haifi yarinyar nan ba ta sake bari ya kwana biyu ba. Yanzu na ƙarshen ne za a bari ya koma abin da ta gudu? Sai dai mu zuba wa akuya, Malam. Ni kuwa na yi sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba.”

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ban sani ba ko dariya ce ta fara zuwa ko kuka. Kafaɗunsa suka yi ta rawa. Muka bar shi ya yi. A waje waƙar ’yan coci ta tsaya, ana jin ƙarar kwanukan abincin da maƙwabta ke shigowa da su.

Can ya share fuska da hannun riga. Ya kalle ni.

“Kin san yawan fulawar?”

“Na sha gani, Baba. Ban taɓa yi da hannuna ba.”

“Wutar fa?”

“Ita ce ban sani ba.”

“Ita ma ba ta sani ba,” ya ce. “Kullum sai ta cika garwashi.”

Ya sa hannu biyu ya ciro kwanon daga ruwa, ya goge gindinsa da rigarsa. Ya ɗora tafinsa a kan wurin da ya lotsa, a hankali, ya bar shi a nan. Hannunsa ya fi wurin girma, ya rufe shi duka. Rana ta sauko ta taga ta kwanta a kan kwandon ƙwan da ke jira tun ranar Talata.

“Hajiya, a sa yara su ɗebo yashi,” ya ce. “Ummusalma, wanke hannunki ki auno fulawa. Miƙo mini ƙwan nan. Yau za a gasa shi.”