Tashi Ba Sallama

Malam Datti da kansa ba ya musun cewa yana da ɗan hali guda: ba ya iya faɗin abu sai ya gama yin sa. Shi a wurinsa tsoron baki ne, don ya yi imani duk abin da mutane suka ji kafin ya tabbata, to lalacewa zai yi. Matarsa Batulu kuwa tana da wani suna da take kiran halin da shi, amma ba a gaban yara ba.

Shekara goma sha tara suka yi a gidan haya a Nyanya, ɗaki biyu a gida mai iyali bakwai. Shida daga cikin shekarun nan yana gina nasa a Paikon Kore, kusa da Gwagwalada inda ya mai da shagonsa na yadi. Batulu ta san da ginin, ta kuma san za a tashi "bayan Sallah", sai dai ba a gaya mata wace Sallar ba. Wata Lahadi da safe ta fito da tsintsiya, ta tarar da babbar mota a ƙofar gida da ƙarti huɗu suna jiran umarni.

Dabarar ta burge Datti ƙwarai. Ranar Lahadi babu gosulo a hanyar shiga gari, rabin mutanen gidan suna coci, sauran sun tafi bikin suna a Karu. Kafin azahar an kwashe komai, har igiyar shanya.

"Malam, ban yi sallama da kowa ba," in ji Batulu, tana tsaye a tsakar gida da mayafi a hannu.

"Za mu dawo mu yi a tsanake. Mai mota sauri yake."

Ta yafa mayafinta. Ta shiga gaba ta zauna, 'yarsu Mashkura a kusa da ita.

Datti ya san al'ada sarai. Wanda zai bar gidan da ya zauna, sai ya bi ɗaki ɗaki ya ce a yafe masa abin da ya yi da saninsa da wanda bai sani ba, su ma su nemi tasa yafiyar, a yi kuka, a raka shi bakin mota. Mai sulalewa a ɓoye, ko ɓarawo ne ko wanda ya raina mutane. Ya dai ɗauka abin zai iya jira mako guda. Makon ya zama uku.

Sabon gidan ba laifi. Ɗaki huɗu, rijiya a tsakar gida, ba layin banɗaki, ba mai kunna janareto a gindin tagarka. Amma Batulu ta shiga cikinsa kamar wadda ta zo zaman makoki. Tana dafa abinci, ba ta ci. Buhunan kayanta suna nan a ɗaure. Wayarta takan yi ƙara, ta duba ta ga sunan Magdalene, maƙwabciyar da ta riƙe ta a cikin Keke Napep ranar naƙudar Mashkura, sai ta kife wayar.

"Ki ɗauka mana, ki yi mata bayani."

"A waya? Shekara goma sha tara, in ce mata a yafe ni a waya, kamar mai sayen kati?"

Ya yi iya ƙoƙarinsa, irin ƙoƙarin namiji. Ya juya gado ya fuskanci inda yake fuskanta a Nyanya. Ya dasa zogale. Ya sayo tsire har sau uku, shi ya cinye. Da Asibi, matar manomin da ke maƙwabtaka da su, ta kawo doya biyu ta yi musu barka da zuwa, Batulu ta karɓa ta yi godiya a taƙaice, ta koma ɗaki.

"Matar nan kirki gare ta," ya ce.

"Na gani. Da wace fuska zan yi sabuwar maƙwabciya, tsofaffin na baro su kamar na sace musu abu?" Ta nuna bayan ƙofa. "To ma na sata. Waccan babbar tukunyar ta Magdalene ce. Ƙartinka suka haɗo da ita."

Ranar Alhamis ta gaya masa, cikin murya mai sanyi wadda ta fi faɗa tsoratar da shi, cewa in an kwana biyu za ta je Zariya wurin yayanta ta huta. Ba ta faɗi ranar dawowa ba. Ya lura da haka, don shi ma ya iya irin wannan maganar.

Asabar da asuba ya saka tukunyar a bayan motarsa tun kafin Batulu ta fito, ya ce mata zai shiga gari sarin kaya.

Magdalene tana wanki a bakin famfo lokacin da ya yi sallama. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi tukunyar, ta ce da irin Hausarta ta 'yan koyo:

"Oga Datti! Ashe kana da rai. Mun dawo coci, mun ga ɗaki a buɗe, mun ce ko gwamnati ne ya kwashe ku."

"Maman David, ga tukunyarki."

"Tukunya na tambaye ka? Ajiye shi can. Ina Maman Mashkura? Na kira, na kira, bai ɗauka ba. Ni na ce me na yi mata?"

Kande, tsohuwa mai ƙosai a ƙofar gida, ta shigo tana goge hannu a zani. "Ɗan nan, ko kaza aka sayar daga gida ana sanin ta tafi."

Ya tsuguna, shi da furfurarsa da babbar rigarsa, a gefen kwata, ya ce laifin nasa ne shi kaɗai. Ya bi ɗakuna shida yana maimaitawa. A ɗaki na huɗu aka sa shi ya faɗa sau biyu, wai mai ɗakin ba ta ji sosai. Ya san tana ji.

Daga nan ya roƙi arziki: su biyun su shirya ya kai su Paikon Kore yanzu, Batulu ta gan su da idonta, a yi sallamar da ba a yi ba.

"Ka gaya mata muna zuwa?" in ji Magdalene.

"So nake ta gan ku kwatsam."

"Hmm," in ji Kande.

Sai da suka yi awa biyu kafin su fita daga Nyanya, an rufe hannu ɗaya na titi ana gyara. Kande ta yi amai a Lugbe. Magdalene ta riƙe kwanon dambun da ta ɗauko wa Batulu a cinya, tana lissafo masa duk abin da aka faɗa a kansa cikin mako uku, ba ta rage ko ɗaya ba. Shi kuwa yana tuƙi yana hango fuskar Batulu in ta buɗe ƙofa, da yadda za ta kwance buhunan nan, da yadda maganar Zariya za ta mutu ba tare da kowa ya sake tayar da ita ba. Har ya fara jin cewa, in an duba da kyau, shi mutum ne mai dabara.

La'asar ta yi suka iso. Ƙofar gidan da kwaɗo. Ya buga, ya kira Mashkura, shiru. Ya kira wayar Batulu, a kashe.

Asibi ta leƙo ta kan danga da faifan gero a hannu, ita ma da irin tata Hausar ta koyo.

"Oga, madam ba ya nan. Tun ƙarfe tara ya fita da yarinya, da jaka babba. Ya ce zai je Nyanya ya yi sallama da mutane, daga can ya hau motan Zariya."