Maɓallin da Ke Komawa Kore

Injiniya yana durƙushe ƙarƙashin teburin shagon ɗinkin ƙanwarsa, yana laluben soket, ya ji tana ce wa mai yankan yadi, "Daga yau mun huta da littafin awo. Yaya ya haɗa mana manhaja."

Ya daɗe a ƙarƙashin teburin fiye da yadda neman soket ke buƙata.

Shi dai ba injiniya ba ne. Ma'aikacin rajista ne mai shekara hamsin da ɗaya, ya fara koyon rubuta manhaja a lokacin hutun rana, abokan ofis suka laƙa masa sunan, shi kuma bai musa ba. Wata biyu ke nan da ya yi wa ƙanwar alkawarin manhajar kwamfuta da za ta riƙe awon duk masu kawo ɗinki. Da fari sai ya zaɓi firemwok, wato kayan haɗa tagogi da maɓallan da mutum ke gani. Na farko mai sauƙi ne, amma wani a intanet ya ce na 'yan koyo ne, Injiniya kuwa bai ga kamarsa cikin 'yan koyo ba. Na biyu ya sa fankar kwamfutarsa kuka kamar injin niƙa. Na uku har yau bai gane ta inda ake shigarsa ba. Sati bakwai yana zaɓe, sati guda yana aiki.

Da ya fito ya kunna kwamfutar, tagar manhajar ta buɗe, shuɗiya, sumul.

"Kai! Kamar ta banki," in ji mai yanka.

Ƙanwar ta ja kujera, ta buɗe littafin, ta shigar da awon wata malamar asibiti: kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu. Ta danna Ajiye. Maɓallin ya koma kore a hankali, gwanin sha'awa. Kwana huɗu Injiniya ya kashe a kan wannan koren. Bayansa babu komai, awon bai je ko'ina ba.

Ta yage shafin, ta dunƙule, ta jefa kwandon ƙyallaye. Ta shigar da na biyu, shi ma ta yage. A na uku ne muryarsa ta fito, 'yar ƙarama.

"Auta, dakata. Ba ya ajiyewa."

"Ga shi ya yi kore, Yaya."

"Koren kawai ya iya."

Mai yanka ya duƙar da kai, ya shiga duba almakashinsa kamar yau ya saya.

"Wata biyu fa, Yaya."

"Zaɓe nake yi."

"To, ka zaɓa?"

Ya tsuguna gaban kwandon, ya tono takardun daga cikin ƙyallaye da zare, yana shimfiɗa su a gwiwa yana shafawa da tafin hannu. Sun ƙi miƙewa.

Ta tsaya a kansa tana kallon sanƙonsa. Can ta jona dutsen guga, ta miƙa masa.

"Rage wutar, Injiniya," ta ce. "Takarda ce."